Yaya Ya Raka Ni Asibiti

Matar yayana ta tafi Michika lokacin girbin dawa, ta ce za ta taya mutanen gidansu aiki. Aka yi girbi, aka sussuke, aka zuba a rumbu, ba ta dawo ba. Kirsimeti ya zo ya wuce tana can. Daga nan duk layinmu a unguwar Lokuwa ta Mubi aka gane yaji ta yi, ko da yake ba wanda ya furta haka a gaban Yaya.

Anti nake ce mata. Ina ƙarama aka kawo ta gidanmu, kuma ita ta koya mini suyar gyaɗa da matsar mai, sana'ar da ta riƙe ni bayan rasuwar mijina. Idan na ce na fi sonta a kan yayana da muka fito ciki ɗaya ban yi ƙarya ba, amma na daɗe ina neman gafarar Allah a kan hakan.

Yaya yana da kemis a bakin titi. Bai yi karatun likita ba, amma Dokta ake ce masa, wanda ya kira shi da wani suna kuwa sai ya sake gaisuwa kafin ya amsa. Ba ya duka. Ba ya shan giya, ba ya neman mata, masara ba ta taɓa yankewa a gidansa ba. Abin da ya sa halinsa yake da wuyar faɗa ke nan. Ranar jana'izar mamarmu ya karɓi lasifika ya yi ta bayanin ruwan da ya ɗaura mata da alluran da ya yi mata, har mutane suna kaɗa kai. Bai ambaci Anti ba, wadda ta yi ta wanke tsohuwar tana juya ta a kan katifa tun farkon damina har ta cika. Da wata mata ta yaba wa Anti a gabansa, ya yi kwanaki bai taɓa abincinta ba.

Waƙa ce ta kore ta. Matan zumunta na cocinmu suka zaɓe ta ta ja waƙa a babban taron shekara, domin muryarta tana kaiwa bencin baya ba tare da lasifika ba. Ta ɗinka sabon kayan zumunta, ta yi ta gwaji tana tuƙa tuwo. Da safiyar ranar Yaya ya fita, ya sa wa ƙofar gida kwaɗo ta waje, ya tafi da makulli. A wurin taron ya miƙe ya ce matarsa ta kwana da zazzaɓi, shi ma bai runtsa ba yana jinyarta, a taya su da addu'a. Aka taya su. Mata suka riƙa cewa ina ma mazansu haka suke. Da yamma na je duba marar lafiya, na same ta zaune a bakin murhu da kayan zumuntar a jikinta har da ɗankwali, lafiyarta ƙalau. Na tambayi Yaya dalili. Ya ce kare ta ya yi, don da ta yi kuskure a gaban jama'a sunansa ne zai ɓaci.

Bayan sabuwar shekara na shiga mota na je Michika. Mahaifin Anti ya rasu, ƙaninsa ne babba a gidan, tsohon manomi da muke ce wa Baba. Ya tambaye ta a gabana ko mijin yana dukanta, ta ce a'a. Ko yana hana ta abinci, ta ce a'a. Ko yana bin mata, ta ce a'a. Tsohon ya daɗe yana sosa gwiwa.

"Ni ban san sunan wannan laifin ba," ya ce. "Amma yarinyar nan ta zo mini kamar karan dawa, yanzu tana cin tuwo tana ƙari. Na ji an ce a Mubi akwai likitocin da suke gyara mutum da magana, tun bayan gudun da aka yi lokacin da 'yan ta'adda suka shigo gari. Ya je su gan shi. Ranar da zai zo biko, ke ƙanwarsa ki zo tare da shi. Idan kin ce ya canza, ta bi shi. Idan kin ce bai canza ba, ta zauna a nan, ni zan amsa wa coci da dangi."

"Baba, ni kuma?"

"Ke. An ce ko a awon mai ba kya rage wa mutum."

Anti ta raka ni har tasha. Ta ce ba ta roƙona in ce komai, abin da na gani kawai.

Na dawo da wannan kaya a kaina. Na fara gwada hanya madaidaiciya, na sami Yaya a shago yana jera kwalabe, na ce akwai wata likita a wajen unguwar Lamorde da take jin damuwar mutane, ko zai je su yi magana. Ya yi dariya har ya dafa kanta.

"Auta, daga Lamorden mutane suke hawo keke su zo in duba su. Ni zan je in zauna a benci?"

To akwai abu ɗaya a wurinmu da Yaya yake riƙe da shi gam. Mace marar miji ba ta zuwa asibiti a kan babbar magana ita kaɗai. Namijin da yake babba a gida shi yake kai ta, shi yake yi wa likita bayani, shi yake karɓo amsa. Da zan je ban gaya masa ba, zai yi shekara yana faɗa wa dangi na raina shi. Sai na yi tunanin in ce ni ce marar lafiyar. Zai raka ni, zai zauna a ɗakin, zai yi magana don ba ya iya shiru, likita kuma tana da idanu.

Na yi ta juya maganar ko ƙarya ce. Na auna na ga ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Tun da muka dawo daga gudu zuciyata take bugawa idan an rufe ƙofar mota da ƙarfi. Nakan kai bakin titi in komo in duba ko na kashe wuta, in sake fita, in sake komowa. Barci ma sai ya ga dama. Na yi addu'a a kai, sannan na je na gaya masa.

"Tun yaushe nake faɗa?" ya ce. "Na daɗe da ganin alamun, na yi shiru ne don kada in tsorata ki."

Ranar zuwa ya sa kwat da taye a cikin zafin nan, ya zauna a gaba kusa da mai keke napep, muka haye mayo, wato kogi. Ɗakin likitar yana bayan wani ƙaramin asibiti, kujeru uku da fanka da labule mai ruwan ganye. Likitar mace ce da ba ta kai shekaruna ba. Ta ce ita ba ta allura, aikinta sauraro da magana. Ta juyo ta tambaye ni me ya kawo ni.

"Rashin barci," in ji Yaya.

Ta tambaye ni tun yaushe.

"Tun tana yarinya haka take. Ni na raine ta, ni na san ta."

"Baba, bari ta amsa da bakinta," likitar ta ce masa.

"Dokta," ya ce yana murmushi. "Ni da ke layi ɗaya muke, 'yata. Kafin ki shiga firamare nake ba da magani."

Ta ce to, Dokta, ta sake juyowa wurina. Na buɗe baki, ya riga ni. A wannan zaman na ji yadda ya fitar da mu daga gari ranar gudu, shi a gaba mu a baya, alhali Anti ce ta goyi mamarmu ta hau dutse da ita, shi yana rungume da kwalin maganinsa. Na ga likitar tana kallonsa, sai raina ya ce dabara ta kama.

A zuwa na gaba ta ce masa ƙa'ida ce ta ga marar lafiya ita kaɗai na ɗan lokaci. Ya fita yana cewa shi ma haka yake yi. Tana rufe ƙofa na gaya mata komai, don ba zan iya ci gaba da zama a gabanta da abin a cikina ba.

"Na lura," ta ce. "Amma ki sani ba zan iya sa masa sunan ciwo ba, tun da bai zo a matsayin marar lafiya ba. Akwai wani hali da muke gani, yana da suna da Turanci. Mutum yana bukatar yabo kamar yadda ake bukatar abinci, ba ya iya tsayawa ya ji abin da wani yake ji, kuma kuskure ƙarami a wurinsa kamar mutuwa ne. Daga waje kamar ya fi kowa yarda da kansa. Daga ciki sau da yawa ba haka ba ne."

Ta faɗi sunan Turancin, bai zauna mini ba. Na tambaye ta abin da ya kawo ni, wato ko yana warkewa.

"Ana iya taimakawa. Amma ba kamar zazzaɓi ba ne da za a sha magani a tashi. Aiki ne na lokaci mai tsawo, kuma sai mutum ya zo da ƙafarsa ya ce ni ne. Akwai waɗanda suke daurewa, su koyi tsayawa kafin su cutar da na kusa da su. Akwai kuma masu zuwa har ranar da aka taɓa wurin da yake ciwo, daga nan ba za a sake ganinsu ba."

"Shi a cikin su wa yake?"

"Ban sani ba. Zan bar masa ƙofa a buɗe. Ke kuma, rashin barcin nan da komawa duba wuta, gaskiya ne ko shi ma na dabarar ne?"

Na ce gaskiya ne. Ta ce to ni ma ina da aiki a ɗakin. Ta haɗa ni da wani likita a asibitin, aka ba ni ƙananan ƙwayoyi na barci.

Yaya ya so zuwan. Wuri ne da ake sauraronsa ba a katse shi, ga fanka. Ya riƙa kwaso kalmominta yana kawowa shago. Idan mai sayen maganin ciwon kai ya yi gardamar kuɗi sai ya ce masa, "Ina jin abin da kake ji." Likitar ta yi masa tayin ya riƙa zuwa shi kaɗai, ta ce masu kula da wasu su ma suna da kayan da suke ɗauke da shi. Ya ce idan tana bukatar shawara a kan aikinta ta faɗa kawai, ba sai ta yi kwana-kwana ba.

Sau ɗaya na ga abin ya kusa. Tana tambayata yadda gidanmu yake muna yara, ya karɓe kamar kullum. Ya ba da labarin yadda babanmu yake kifa turmi idan an yi baƙi, ya ɗora shi a kai ya karanta Turanci da ka, baƙi suna tafi. Na tuna abin sarai, ina bayan zana ina leƙe. Da alfahari ya faro labarin. Sai ta ce, "Ranar da ka yi kuskure fa?"

Ya ce bai cika yi ba.

"Ranar da ka yi."

Ya ce babanmu yakan juya masa baya ya ci gaba da hira da baƙin kamar ba kowa a kan turmin, kuma ba a ce ya sauko ba, don haka ba ya saukowa.

"Wa yake zuwa ya sauko da kai?"

Yaya ya yi shiru. Ban taɓa jin shirunsa mai tsawo haka ba. Ya kama tayensa yana naɗewa a yatsa yana warwarewa. Da ya yi magana muryar ba tasa ba ce, ƙarama ce. Ya ce, "Ba wanda yake zuwa." Ya dubi labule. A cikin keke ranar a baya ya zauna kusa da ni. Ina isa gida na durƙusa na gode wa Allah. Har na fara shirya yadda zan faɗa wa Baba.

Ranar komawa na biya ta shago, na same shi ba kwat. Ya ce yarinyar nan ba ta san aiki ba, tana tone-tonen abin da bai shafi marar lafiya ba, shi ya gama ɗaukar abin da zai ɗauka. In ina so in ci gaba da zuwa ya ba ni izini. Na roƙe shi, na koma na sake roƙonsa, har ya ce roƙon ma alamar ciwona ne. Bai sake taka ɗakin ba. Kuma cikin makon wata tsohuwa ta ce masa maganin wani kemis ya fi mata aiki, ya bi ta har titi yana faɗa mata abin da ba zan rubuta ba.

Kafin Ista ya ce mu shirya biko. Ya sayi goro da sabulu da buhun gishiri, ya ɗauki wani dattijon coci, muka tafi. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin tsamiya a tsakar gidan. Maza a kan kujeru, mu mata a gefe. Wata tsohuwar gidan ta ba ni tire da wuƙa in taya ta yankan kuɓewa, na karɓa. Anti tana zaune a bakin ƙofar ɗaki. Ta yi ƙiba kaɗan, fuskarta ta washe.

Yaya ya yi magana, kuma in faɗi gaskiya, ya yi ta da kyau. Ya ce ya je wurin likita kamar yadda Baba ya umarta. Ya ce ya koyi sauraro. Ya ce yanzu ya gane mace tana da abin da take ji. Sannan ya kawo labarin turmin. Ya faɗe shi daga farko, ya tsaya a daidai inda ya tsaya ranar, ya ƙanƙance murya ya ce, "Ba wanda yake zuwa." Wannan karon hawaye suka zubo, ya fito da hankici a ninke. Dattijon coci ya ce amin. Tsohuwar da ke kusa da ni ta share ido da bakin zane. Ni da na ga na gaskiyar, na kau da kai. Abu ɗaya tak da ya taɓa fitowa daga can cikinsa, ya ɗauke shi ya goge ya jera a kanta.

Baba ya juyo. "To, 'yata. Me kika gani?"

Na ajiye wuƙar a kan tire. Na yi ta maimaita maganar a zuciyata tun daga Mubi don kada in ƙara ko in rage.

"Baba, ya je, gaskiya ne. Akwai ranar da na ga kamar zai canza. Daga ranar ya daina zuwa. Halinsa yana nan yadda yake. Bai canza ba."

Na yi tsammanin Yaya zai yi tsawa. Da ya yi, da ya taimake ni. Sai ya sunkuyar da kai ya yi ajiyar zuciya.

"Kada ku ga laifinta," ya ce a hankali. "Ban so in tona ba, ƙanwata ce. Baba, tambaye ta a cikinmu wa likita take dubawa."

Baba ya dube ni. "Ke ake dubawa ko shi?"

"Baba, yadda abin yake shi ne, na ce ni ce don ya yarda ya..."

"Ban tambaye ki wannan ba tukuna. Wa ake dubawa?"

"Ni ce."

"A ɗakin masu ciwon kai?"

"Ɗakin magana ne."

"Tana shan ƙwaya," in ji Yaya. "Auta, kina sha ko ba kya sha?"

"Na barci ne."

"Kuna ji. Takan kai titi ta koma gida sau nawa tana neman wutar da babu. Ni nake rufe shago in kai ta, in zauna da ita, in dawo da ita. A nan ne ni ma na ƙaru."

Duk abin da ya faɗa ba wanda zan ce ƙarya ne. Na fara bayani daga farko, yadda na je shago, yadda ya yi dariya, yadda na yi addu'a, amma ina jin maganata tana tsawo tana karkacewa. Ina cikin magana tsohuwar nan ta miƙo hannu a hankali ta ɗauke wuƙar daga kan tire ta tura ƙarƙashin cinyarta.

Anti ta ce, "Baba, lafiyarta ƙalau. Na san ta tun tana ƙarama."

Dattijon coci ya ce ba a gina hukunci a kan maganar marar lafiya, Allah ya ba ta sauƙi. Baba ya daɗe yana kallon ƙasa. Ina ganin ya yi shakka, don bai sake haɗa ido da ni ba, haka ma da Anti. Amma shi kaɗai ne, ga goro an kawo, ga mutum ya yi kuka a gaban surukai, shaidar da ya dogara da ita kuma ta faɗa da bakinta cewa ita ake dubawa. Ya ce wa Anti ta shiga ta haɗa kayanta.

Har yau ina zuwa ɗakin nan, ni kaɗai. Zuwan ya taimake ni, ba zan ɓoye ba. Ina barci, kuma yanzu nakan fita in wuce ban waiwaya ba. Na ba likitar labarin bikon, ta rufe ido ta daɗe, ta ce da ta hango haka da ta hana shi zama tun farko. Na tambaye ta ko har yanzu tana ganin irinsa yana gyaruwa. Ta ce tana gani, ta ga waɗanda suka gyaru, amma ba ta taɓa ganin wanda aka gyara ba da saninsa ba. Yaya kuwa ya sa benci a bayan kanta, ma'aurata suna zuwa yana ba su shawara. A layinmu idan na yi gardama da mai sayen mai a kan kwalba, sai a ja shi gefe a yi masa raɗa, ya dawo ya biya yana lallashina.

Ranar da muka dawo daga Michika mota ɗaya muka shiga. Yaya a gaba yana yi wa direba bayanin yadda ake zama da mace, ni da Anti a baya, jakarta a kan cinya. Ban iya kallonta ba. Mun yi nisa, duwatsu sun fara komawa baya, ta matso ta yi mini magana da Kamwe, yaren mutanen Michika, a ƙasa-ƙasa don kada ya ji.

"Kin faɗa," ta ce. "Ni na ji."

Na ce mata jinta bai sauke ta daga motar ba. Ta ce ta sani. Muka shigo Lokuwa rana ta yi sanyi, Yaya ya sauka ya buɗe ƙofar gida, ya tsaya a gefe don maƙwabta su ga ya bar ta ta fara shiga.